Wasiƙun da Ba Su da Sa Hannu

Mafi yawan shekarun aikina na yi su ne ina karanta abin da mutane suka rubuta ba tare da sun sa sunansu ba. Ba don haka aka ɗauke ni aiki ba. A sashen kula da ma'aikata na wani kamfanin rarraba kaya na fara, ina jera fayil, ina lissafin hutu, ina buga takardun ƙarin girma da na gargaɗi. Akwatin ƙorafi ya faɗo hannuna ne don ni ce ƙarama a ofis, kuma babu mai son ɗawainiyarsa. Ni ma a nan zan sakaya sunana da na wuraren da na yi aiki, saboda wasu daga cikin mutanen da zan ambata har yanzu a can suke cin abinci.

Lokacin da na karɓi makullin, ra'ayina shi ne na yawancin mutane: mai gaskiya ba ya ɓoye fuska. In kana da magana da mutum ka tare shi ka faɗa masa, wanda ya bi ta bayan fage kuwa ko munafuki ne ko annamimi. Abin da nake tararwa a akwatin ma bai ba ni dalilin sauya tunani ba. Wata rana wayam, wata rana zagi, wata rana zanen wani shugaba da ƙaton tumbi. An kafe akwatin ne daura da ƙofar babban manaja, inda sakatariyarsa take zaune tana ganin duk mai wucewa, daga baya ma aka ɗora kyamarar tsaro a saman wurin. Mai magana ta gaske ba zai tsaya a nan ya jefa takarda ba, sai wanda ya riga ya fid da rai da aikin.

Wanda ya sauya min tunani direba ne, dattijo mai yawan shiru, wanda ya riga kusan kowa zuwa kamfanin. Shi bai ɓoye komai ba. Ya rubuta cikakken sunansa da lambar aikinsa, ya sa hannu. Ƙorafinsa a kan tayoyi ne. A takarda ana nuna an saya wa manyan motoci sababbi, amma abin da ake ɗaura musu tsofaffi ne da aka wanke aka shafa musu baƙi. Ya ce shi ne yake bisa titi da su, ransa ne a kai. Na bi ƙa'idar da aka ba ni, na miƙa takardar ga babban manaja. Kafin mako ya zagayo kwafinta yana kan teburin shugaban sashen sufuri, wato mutumin da ake ƙorafi a kansa, da ɗan rubutu a gefe cewa ya yi bayani.

Ba a kore shi nan take ba. Ba haka ake yi ba, kowa ya san doka. Cire shi aka yi daga doguwar tafiya, inda alawus ɗin kwana yake, aka mayar da shi zirga-zirgar cikin gari. Mutumin da bai taɓa karɓar takardar tuhuma ba sai ga shi yana karɓarsu a jere: ya makara, bai cika littafin mota daidai ba, ya ɗaga wa na gaba da shi murya. Da lokacin rage ma'aikata ya zo, fayil ɗinsa ya riga ya yi kauri, sunansa ya shiga jerin ba wanda ya yi gardama. Ni na buga takardar sallamar. Da ya zo karɓa bai ta da maganar wasiƙar ba, cewa kawai ya yi, “'Yata, ki duba min lissafin haƙƙina da kyau, kada a manta da hutun da ban tafi ba.”

Direbobi da makanikai da 'yan sito duk sun gani. Ba wanda ya tara su ya yi musu bayani, amma karatun ya shiga. Daga nan ban sake ganin takarda mai sa hannu a akwatin ba.

Bayan wani lokaci maganar tayoyin ta dawo, wannan karon babu suna. An rubuta ta da manyan baƙaƙe a karkace, da gani mai ita ya sauya hannu da gangan. Babu zagi a ciki, babu “ɓarayi”, babu “azzalumai”. Lambobin motoci ne, da lambobin takardun biya, da shawara guda: a duba gefen kowace taya, a ƙarshen dogon rubutun da masana'anta take bugawa akwai lambobi huɗu, biyun farko makon da aka ƙera ta, biyun ƙarshe shekara. A ranar na fara sanin haka. Ko me aka shafa wa taya, shekarunta suna rubuce a jikinta.

A lokacin hukumar gudanarwa ta riga ta ce duk ƙorafin da ya shafi kuɗi a ba odita na cikin gida kwafi, don haka mu uku muka zauna. Babban manaja ya karanta, ya juya bayan takardar, ya ɗaga ta sama yana duba ta da hasken taga.

“Malama, wa ya rubuta wannan?”

“Ranka ya daɗe, babu suna.”

“Na ga babu suna. Ai ke kike riƙe da fayil ɗin kowa. Ɗebo takardun neman hutu na sufuri da na sito, mu gwada hannun.”

Gabana ya faɗi, amma na ce, “Ranka ya daɗe, in na ɗebo su yau, gobe akwatin nan ya tashi aiki. Tayoyin suna nan waje, ba sai mun san mai rubutun ba kafin mu duba su.”

Ya kalle ni irin kallon da ake yi wa ƙaramin ma'aikacin da ya manta matsayinsa. Odita ne ya cece ni. Ya miƙe da takardar a hannu ya ce, “Yallaɓai, ba ni izini in leƙa gareji kafin motocin su fita.” Ya tafi da tocila da biro. Tayoyin da takarda ta ce an saya a shekarar, wasunsu sun girmi takardar biyan da shekaru. Da aka bi sawun kamfanin da yake kawo su, sai aka tarar na ɗan'uwan shugaban sufurin ne. An ba shi zaɓi ya ajiye aiki, ya ajiye. Dattijon direba kuwa ba a kira shi ba. Na rubuta wa hukumar ina tuna musu shi ya fara faɗa, aka ce fayil ɗinsa a rufe yake.

Na san wanda ya rubuta takardar. Ba ta hannun rubutu na gane shi ba, ta salon magana ne. Wani yaro ne magatakarda a sito, yana da wata gaɓa da yake rufe kowane rahotonsa da ita, ya sauya hannu amma ya manta da ita. Mun ci gaba da aiki tare shekaru, muna gaisawa kullum, ban taɓa nuna masa na sani ba. Amma abin ya tsorata ni, domin in ni na gane shi, wani ma zai iya. Tun daga lokacin na daina miƙa asalin takarda ga kowa. Sai in sake buga ta da kalmomina, in cire duk wani salo da zai nuna mai ita, in kulle asalin. Muka matsar da akwatin zuwa lungun da kowa yake bi ba tare da an tambaye shi dalili ba, nesa da kyamara, muka sa masa kwaɗo biyu. Makulli ɗaya a wurina, ɗaya a wurin wakilin ƙungiyar ma'aikata, ba ya buɗuwa sai muna tare.

Babban manajan nan ba ɓarawo ba ne, kuma ba shi da hannu a cuwa-cuwar tayoyin. Wannan shi ne abin da ya fi ɗaure min kai. Mutumin kirki ne, amma tambayar da ta fara fitowa daga bakinsa ita ce wa ya rubuta, ba ko gaskiya ne ba. Na ga haka a wurin shugabanni da yawa bayansa, kuma na daina mamaki. Zomo ba ya fushi da makashinsa sai da maratayinsa. Shugaba yana ɗaukar takarda marar suna a matsayin raini: wani a ƙarƙashinsa ya san abin da shi bai sani ba, kuma bai yarda da shi har ya zo gabansa ba. Ba ƙananan wurare kaɗai ba. A 2016 wasu wasiƙu marasa suna suka isa ga hukumar bankin Barclays na Birtaniya a kan wani babban jami'i da aka ɗauka aiki. Shugaban bankin, Jes Staley, ya sa jami'an tsaron bankin su gano marubucin. A 2018 hukumomin sa ido na Birtaniya suka ci shi tarar fam 642,430, hukumar harkokin kuɗi ta jihar New York kuma ta ci bankin tarar dala miliyan 15. Da na karanta labarin, manajana na tuna yana ɗaga takarda a hasken taga. Bambancin kawai shi ne a can akwai wanda ya isa ya tsawatar.

Bayan maganar tayoyi kamfanin ya tura ni kwas, a nan na gane ashe aikin da nake yi a lungu yana da dokoki a wasu ƙasashe. A watan Agusta na 2001 wata mataimakiyar shugaba a kamfanin Enron na Amurka, Sherron Watkins, ta rubuta wa shugaban kamfanin, Kenneth Lay, takarda ba suna, tana gargaɗin cewa yadda ake lissafin kuɗinsu zai rusa su. Daga baya ta bayyana kanta ta gana da shi, kamfanin kuma ya nemi shawarar lauyoyi kan ko za a iya korarta. A watan Disamba na shekarar Enron ya durƙushe. A 2002 Amurka ta kafa dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta wajabta wa kamfanonin da ke kasuwar hannun jari su buɗe hanyar da ma'aikaci zai kai ƙorafin lissafin kuɗi a asirce ba tare da suna ba. Ƙungiyar masu binciken zamba ta ACFE kuma, a rahotonta na 2024, ta ce kashi 43 cikin ɗari na zambar da ta nazarta an gano su ne ta hanyar kwarmato, fiye da rabin kwarmaton kuma daga ma'aikata ya fito. Odita yana zuwa da jadawali, ana shirya masa takardu kafin ya iso. Magatakardan sito kuwa yana nan kullum, yana ganin abin da ake saukewa daga mota.

Sai dai zan zalunci wasu mutane in na tsaya a nan, domin akwatin nan ya cuci waɗanda ba su ji ba su gani ba. Akwai wata ma'aikaciya a sashen kuɗi, matar aure, mai ƙwazo, da aka yi wa ƙarin girma. Sai ga takarda tana cewa ba da aikinta ta samu ba, da wani abu ne tsakaninta da wani shugaba. Babu rana, babu wuri, babu abin da za a bincika, ƙazafi ne tsagwaronsa. Muka rubuta a littafi cewa an karɓa, babu abin bi, muka kulle. Ashe mai takardar ya tura irinta ta ƙarƙashin ƙofofin ofisoshi. Ba a tuhume ta da komai ba, amma ta daina zama da kowa, ta daina dariya a ofis, in an kira ta taro da shugaban sai ta nemi wani ya raka ta. Wanda aka zarga a fili yana iya kare kansa. Ita da wa za ta yi?

Ni ma ta zo kaina. Muna buɗe akwatin, wakilin ƙungiya yana karantawa da ƙarfi kamar yadda muka saba, sai ya yi shiru a tsakiyar layi. Takardar ta ce ina karɓar kuɗi a hannun masu neman aiki. Ya ce, “Hajiya, wannan ai shirme ne, mu yaga ta.” Na ce a'a, ya kai wa odita da kansa, na kuma miƙa makullina har a gama. Aka bi takardun ɗaukar aiki na shekarun da na yi, aka kira wasu da aka ɗauka aka tambaye su, aka wanke ni. Wankewar ba ta zo da sauƙin zuciya ba. Na riƙa kallon fuskokin mutane a farfajiya ina auna gaisuwarsu. Wannan da ya sunkuyar da kai, shi ne? Waccan da ta yi min fara'a fiye da kullum fa? Ga shi na san salon rubutun kusan kowa, da na zauna da takardar na ɗan lokaci da na fito da mai ita. Abin da manajana ya ji a ranar tayoyi, shi na ji, babu ragi. Don na san kaina, sai na roƙi wakilin ya kulle asalin a wurinsa kada ya nuna min ko na tambaya. Na tambaya kuwa, ya hana ni.

A kwas ɗin nan an ba mu labarin sarkin Rum, Trajan. Wajen shekara ta 112 gwamnansa Pliny ya rubuta masa cewa an kawo takarda ba suna ɗauke da sunayen mutanen da ake zargi Kiristoci ne. Sarkin ya amsa cewa takardar da ba ta da mai ita ba ta da gurbi a shari'a. A kan hukunci na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Ba a korar mutum, ba a rage masa matsayi, ba a ko rubuta masa gargaɗi da takarda marar suna. Amma ba a ce kada a je a duba taya ba. Takardar ba shaida ba ce, nuni ne ga inda za a nemi shaida. Da wannan na riƙa rarrabe su. Wadda ta kawo rana da wuri da lambar takarda, abin da wani zai iya zuwa ya gani da idonsa, ana bin ta. Wadda ta ce wane mugu ne, wance 'yar iska ce, ana ajiye ta. Wanda aka zarga kuma dole a ji ta bakinsa kafin a yanke komai, ba tare da an nuna masa takardar ba.

Babban naƙasun akwati, wanda ya fi ƙazafi damuna, shi ne ba ka iya mayar da tambaya. Wata rana muka sami 'yar guntuwar takarda da ƙaramin rubutu: wani babba yana tsare 'yan mata masu koyon aiki bayan an tashi, yana ce musu tabbatar da su a aiki yana hannunsa. Shi ke nan. Ba sunansa, ba sashe. Manya maza a kamfanin suna da yawa, ba za ka tara su ka ce wane ne a cikinku ba. Muka kafa doka cewa mai koyon aiki ba ya zama bayan lokacin tashi, muka manna sanarwa cewa ƙofarmu a buɗe take. Mai takardar ba ta sake rubutowa ba, kuma ban ga laifinta ba. Ta yi kasada ta jefa magana, abin da ta gani a allo sanarwa ce irin ta kullum.

Wannan ya sa muka ƙirƙiro dabarar lamba. Mai rubutu ya zaɓi lambobi shida da ransa ya so, ya rubuta a saman takardarsa, ya riƙe su a kansa. Mu kuma mu amsa a allon sanarwa ƙarƙashin lambar, ba tare da faɗin abin da ke ciki ba: lamba kaza, an karɓa, muna son sanin sashe da rana. Allon yana inda kowa yake tsayawa duba jadawali, don haka tsayuwa a gabansa ba ta tona kowa. Ta wannan hanyar maganar mutumin nan ta sake tasowa, daga wata yarinyar daban. Muka yi ta musayar saƙo ta allo da akwati, tana ƙara bayani kaɗan-kaɗan tana gwada mu, har ta yarda ta gana da ni da wata mamba ta hukumar gudanarwa a wajen ofis. Ta zo da saƙonnin da ya riƙa tura mata a waya. Sunanta bai wuce mu biyu ba, shi kuma ya bar kamfanin.

Na lura yawancin masu sakaya suna ba so suke su ɓuya har abada ba. So suke su ga hannun da maganarsu za ta faɗa tukuna. Masu harkar jiragen sama sun daɗe da gane wannan. A ranar 1 ga Disamba 1974 jirgin kamfanin TWA ya daki wani tsauni a jihar Virginia ta Amurka yana shirin sauka, mutum 92 suka mutu. Makonni kaɗan kafin nan matuƙan wani jirgin kamfanin United sun tsallake rijiya da baya a wurin, saboda irin wannan rashin fahimtar umarnin sauka. Sun kai rahoto a cikin kamfaninsu, amma gargaɗin bai fita zuwa sauran kamfanoni ba. A 1976 aka kafa tsarin kai rahoto na sirri, aka damƙa shi ga NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, ba ga hukumar da take hukunta matuƙan jirage ba. Matuƙi yana sa sunansa, masu nazari suna iya kiransa su nemi ƙarin bayani, sannan a cire sashen da ke ɗauke da sunan a mayar masa, rahoton ya shiga rumbu ba suna. Mai karɓa daban, mai hukunci daban. Tarayyar Turai ma a dokarta ta 2019 ta ce wurin aikin da ke da ma'aikata 50 ko fiye ya buɗe hanyar kai rahoto, a sanar da mai rahoto an karɓa cikin kwana 7, a ba shi bayanin inda aka kwana cikin wata 3. Shirun da ke biyo bayan jefa takarda ya kashe akwatuna da yawa, fiye da yadda tsoro ya kashe.

Da zamani ya juya aka koma intanet, aka kawo manhajar da take ba mai rahoto lambar sirri ya dawo ya ga amsa. Dabarar allonmu ce, sai dai ta fi tsafta. Amma na'ura tana da nata tonon asirin, kuma ma'aikata da yawa ba su sani ba. Imel ɗin ofis na ofis ne, masu kula da kwamfutoci suna iya ganin abin da ya bi ta layinsu. Fayil ɗin da ka rubuta a kwamfuta yakan ɗauki sunan mai ita da lokacin da aka yi shi a cikinsa. Firintoci masu launi da yawa suna buga ƙananan ɗigo ruwan ɗorawa da ido ba ya gani, masu nuna lambar na'urar, wasu har da lokacin bugawa. Sai kuma tambayoyin jin ra'ayi da ake cewa ba suna, amma a tambaye ka sashenka da jinsinka da shekarun aikinka. A sashen da mace ɗaya ce, me ya rage? Na yi rigima sosai kafin a yarda cewa duk rukunin da amsoshinsa ba su kai biyar ba, ba za a nuna wa shugabansa sakamakon a ware ba. In kuma aka toshe hanyar cikin gida, maganar ba mutuwa take yi ba, waje take fita. Manhajar Blind da aka fara a Koriya ta Kudu a 2013, inda ma'aikata suke tattauna wuraren aikinsu ba suna, da wannan ta cika.

Daga baya na koma wata ƙungiya, a babban matsayi, kuma a can ne na tsinci kaina a ɗaya gefen akwatin. Masu gadi da masu shara ba ma'aikatanmu ba ne kai tsaye, ta hannun ɗan kwangila ake biyansu. Ina duba takardu sai na ga abin da muke biya a kan kowane mutum, na kuma ji daga bakin wata mai shara abin da yake isa hannunta. Ratar ta wuce duk wani kamasho na hankali, kuma sunayen da ke takardar sun fi mutanen da nake gani a bakin aiki yawa. Na sami shugabana, wanda shi yake sa hannu a kwangilar, na faɗa masa baki da baki. Ya ce, “Hajiya, wannan ba hurumin ki ba ne, ki bar shi.” Shi ne kuma yake sa hannu a sabunta tawa kwangilar, ga yara a makaranta.

Na san duk dabarun, na yi amfani da su. Ban taɓa kwamfutar ofis ba, da wayata da layina na shiga manhajar da hedikwata ta tanada. Na bar lokaci ya ɗan ja bayan maganarmu, na rubuta gajerun jimloli da ba irin nawa ba, na kawo abin da duk wanda ya ƙirga masu gadi a ƙofa zai iya gani, na ƙi saka wani bayani da mu 'yan kaɗan kaɗai muka sani ko da yake shi ya fi ƙarfi. Duk da haka hannuna rawa yake yi, daren nan ban yi barci ba. Ni da na shekara da shekaru ina ce wa mutane kada su ji tsoro, tsarin yana da kariya. Amsa ta zo cikin 'yan kwanaki da tambayoyi, na amsa ta lambar sirrin. Da masu bincike suka iso, shugaban ya tara mu ya ce akwai munafuki a cikinmu da ya kai mu ƙara, Allah zai tona shi. Idonsa ya tsaya a kaina, ya wuce, ya dawo. Ni nake rubuta bayanan taron, na rubuta abin da ya faɗa kamar yadda ya faɗa.

An soke kwangilar, aka koma biyan masu gadi da masu shara kai tsaye a asusunsu, sunayen bogi suka ɓace daga takarda. Shugaban ba a kore shi ba, an mayar da shi wani ofishi aka cire hannunsa daga kwangiloli, kuma bai sake yi min magana in ba ta aiki ba. Bashin watannin baya kuwa wani kaso aka biya su, sauran har na bar wurin ana cewa ana kan lissafi.